Saura Gwaji Biyu Wayata Ta Goge Kanta

Nuzhat Apa,

"Ke, wannan abar ta ce in jira awa ɗaya. Ni za ta ce wa in jira? A cikin gidana?"

Da wannan Ammi ta tare ni yau da safe ina saka takalmi, wayata a hannunta, tabarau a ƙarshen hancinta. Apa, yayarmu ta shafin ba da shawara a jarida, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri. Wannan ne karo na takwas da ta saka lambar da ba ita ba. Idan ta kai na goma, wayar za ta goge duk abin da ke cikinta, ta koma kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Abin kunyar shi ne ina rubuto miki ina dariya. Watanni ke nan ina dariya ni kaɗai, har a jirgin ƙasa mata suna matsawa daga kusa da ni. Akwai dalili, zan zo kansa.

Shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a wani kamfani a nan Hyderabad da ke sarrafa takardun inshorar marasa lafiya na asibitocin ƙasashen waje. Ni da Ammi kaɗai ne a gida tun rasuwar Abbu shekara biyu da suka wuce, in ba a lissafa ƙanwarta Khala Tahseen ba, wadda gadonta ke hawan ƙasa amma kunnenta ke namu hawan. A gidanmu ba a kulle komai. Sakatar banɗaki ta lalace tun ina aji uku, Abbu ya ce zai gyara, mu kuma muka koyi yin tari idan mun ji takun mutum. Lambar wayata a da ɗaya, biyu, uku, huɗu ce. Khala takan karanta saƙonnina ina wanka, in na fito ta ba ni taƙaitaccen bayani a kan shayi. Ammi kuma kusan kullum bayan la'asar sai ta ɗauki wayar ta shige ɗaki ta tura ƙofa, wai za ta duba ko za a yi ruwa. Minti goma ana duba ruwa, Apa, har a watan da ko gajimare babu. Na san bincike ne, na saba.

Wata huɗu da suka wuce aka ce duk mai son imel ɗin aiki a wayarsa ya kai ta sashen kwamfuta a saka mata manhajar tsaro. Shugabar sashen, Madam Sulochana, mace ce da har yau ban ga haƙoranta ba. Ta miƙo mini takarda shafi goma sha huɗu, na sa hannu a na ƙarshe kamar kowa. Ta ce daga yau lamba shida ce, kuma ba a ba kowa, ko miji. Na ce ba ni da miji. Ta dubi kwamfutarta ta ce, "Na gani. Manhajar neman miji uku ce a wayarki." Na so ƙasa ta tsage in shige. Khala ce ta saka su, ko ɗaya ban taɓa buɗewa ba. Na tambaye ta ko har saƙonni suke karantawa. Ta ce, "Ba ma ganinsu, lokacin ma ba mu da shi. Sunayen manhajoji muke gani, mu hana kwafe abin da ke ciki zuwa waje, mu goge wayar in ta ɓata. In kuma aka yi kuskuren lamba sau goma a jere, ita za ta goge kanta ba sai ta dame ni ba."

Na fito ina ƙunƙuni, wayata, da kuɗina na saya, wata tana zaune a bene na shida tana da ikon share ta. Amma kafin in isa gida na gane abin da aka ba ni. Apa, ƙofa aka ba ni, mai sakata! Washegari Khala ta ɗauki wayar ta danna ɗaya, biyu, uku, huɗu, wayar ta girgiza mata kai. Na ce, "Dokar kamfani ce, Khala. In na faɗa, korata za a yi." Ban taɓa furta magana mai daɗin wannan ba. Ammi ta ce in ara mata ta duba ruwa, na ce dokar kamfani. Bayan sati ta sake tambaya, na ce dokar kamfani. Har waƙa nake yi da ita ina wanke-wanke.

Sati biyu da samun sakata sai ga abin ɓoyewa ya zo da ƙafarsa. Sunansa Tauqeer. Yana aiki a bene na huɗu, wajen masu zana taswira. A wurin mai shayin da ke gindin gininmu na fara lura da shi, saboda kullum sai ya tsoma biskit a shayi ya manta da shi yana tunani, biskit ɗin ya karye ya nutse, shi kuma ya kalli kofin kamar an ci amanarsa. Kwana biyar ina kallo. A na shida na ce, "Malam, ƙirga uku ake yi a ciro." Ya ce ya karanta lissafi shekara huɗu a jami'a ba wanda ya koya masa wannan. Shi ke nan, Apa. Yanzu saƙonninmu sun fi dubu uku. Ranar da na yi masa maganar biskit ita ce lambar buɗe wayata yanzu, ba zan dai faɗi ranar ba.

Ga inda abin ya tsaya. Ranar Lahadin nan gwaggonsa za ta zo gidanmu da kwalin alewa, ta ce ta hango ni a wani biki ta yi sha'awar natsuwata, tana nema wa ɗan wanta. Shi zai zauna a gefe yana kallon kafet. Ni zan shigo da tiren shayi ido a ƙasa, kamar ban san yadda yake atishawa sau uku a jere ba. Kin san haka ake yi, kowa ya fita da mutuncinsa. Ammi ta shekara tana maganar 'yar maƙwabta da ta samo miji da kanta a tashar mota, ta gaya wa duk unguwa cewa tata 'yar ba haka take ba. Idan neman ya zo ta hannun gwaggo, za ta karɓa da hannu biyu, na san ta. Idan ta gano mun shirya mata wasan kwaikwayo, ko da mala'ika ne za ta ce a'a, kuma Ammi ba ta taɓa janye a'a ba. Abin da ya fi muni, mun yi atisayen ziyarar ta saƙon murya, ni ce kuma na yi Ammi. Na kwaikwayi muryarta, har da tsakin da take yi kafin ta ce, "A wane biki kika ce kin gan ta?" Tauqeer ya ce ya saurara sau ashirin. Ya yi kyau sosai, Apa, shi ne matsalar.

Shekaranjiya Talata muna cin abinci na kalli wayar na yi murmushi. Ammi ta ajiye cokali ta ce in ba ta. Na ce dokar kamfani. Ta ce, "Kamfanin ne ya yi naƙudarki?" Ina shiga alwala ta ɗauke ta. Yanzu tana cikin kabad ɗin ƙarfe tare da sarƙoƙin aurenta, makullin a ɗaure a bakin mayafinta. Kullum da safe ta fito da ita ta sa mata caji, kamar mai ba fursuna abinci, sannan ta gwada sa'arta tana faɗin lambobin da ƙarfi. Ta gwada ranar aurensu. Ta gwada shekarar haihuwar Abbu, da lambar tsohon babur ɗinsa, da lambar da ke jikin katin aikinsa na hukumar jirgin ƙasa. Na ce, "Ammi, ai ba Abbu ne ya kulle ta ba," ta ce in wuce in ba ta wuri. Khala tana gefe tana ba da shawara kamar masu kallon ƙwallo. Ban gaya musu zancen gwaji goma ba.

Kin ga dalilin? Idan na yi shiru, Ammi da hannunta za ta goge shaidar kafin Lahadi. Ko kuma in taka zuwa bene na shida in ce wa Madam Sulochana wayata ta ɓata, cikin minti biyar a share komai, in shiga falo da tirena ba ni da laifi ko ɗaya a duniya. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kamar in yi rawa.

Sai kuma in tuna da Abbu. Akwai saƙonnin muryarsa arba'in da ɗaya a cikin wayar, kuma babu su a ko'ina sai nan. Ni yake aiko wa, don wayar Ammi ƙarama ce mai maɓalli. Tasa wayar an bayar da ita sadaka bayan rasuwa. Kowane saƙo da "Salamu alaikum, babanki ne" yake farawa, kamar zan ɗauka wani ne. Ba wani abin kirki a ciki: ki sayo lemon tsami, ki ce wa uwarki na sha maganin. Akwai wanda ya manta bai kashe ba, ana jin suna gardama a kan gishirin miya, Ammi tana dariya. Na yi ta cewa gobe zan kwafe su, har manhajar kamfani ta zo ta rufe hanyar.

To, idan na ba ta lambar, na karya dokar aiki, ta ji kanta a bakina, Lahadi ta rushe. Idan na hana, muryar Abbu ta tafi. Tauqeer, da na same shi wajen mai shayi, ya ce in gaya mata gaskiya kawai. Shi da sauƙi, uwarsa tun kwana na biyu ta sani, har ta fara zaɓen launin kayan da za ta saka. Apa, me zan yi? Gobe da safe za ta sake sa caji.

Taki,
Mai Sabuwar Sakata, Hyderabad

(Ki yi haƙuri, da imel ɗin ofis na rubuto, ba ni da wata hanyar.)


Mai Sabuwar Sakata,

Na aika miki wannan amsar tun ranar da wasiƙarki ta iso, domin wayarki ba za ta jira ranar fitowar jarida ba. Na buga ta a nan da izininki, bayan na sauya sunaye. Tunda kuma duk sirrin da kike tsoron uwarki ta gani kin zuba shi a imel ɗin kamfani, ina miƙa gaisuwata ga Madam Sulochana, ko da ta samu lokaci.

Ina taya ki murna da Tauqeer. Namijin da babban aibinsa nutsar da biskit ne, a riƙe shi.

Mu fara da kamfanin, don shi ne mai sauƙi. Ba mugunta suka yi miki ba. A cikin imel ɗinki akwai sunayen mutane da cututtukansu, mutanen da ba su san Khala Tahseen ba, ba kuma za su so ta ba da taƙaitaccen bayaninsu a kan shayi ba. Wayar da ake buɗewa da ɗaya, biyu, uku, huɗu ba wurin ajiye irin wannan ba ce. Suna da gaskiya da suka nemi kulle. Inda suka zarce shi ne da suka kulle gidan gaba ɗaya don su tsare ɗaki ɗaya, suka kuma riƙe ikon rushe shi. Inda ke kika gaza shi ne shafi goma sha ukun da ba ki karanta ba, da ajiye abin da ba shi da na biyu a wurin da wata za ta iya share shi tana shan shayi.

Kada ki ce wayar ta ɓata. Ƙarya ce, a rubuce za a ajiye ta, kuma za ki biya ta da muryar mahaifinki. Saƙo dubu uku Tauqeer zai sake rubuta miki su kafin azumi. Arba'in da ɗayan nan ba mai sake su.

Yau, kafin a tashi aiki, ki hau bene na shida ki gaya wa Madam Sulochana gaskiya: wayar ba ta ɓata ba, tana cikin kabad ɗin uwarki, saura gwaji biyu. Ki roƙe ta ta cire imel ɗin aiki da hannun kamfani kaɗai, ta bar sauran. Ni ba injiniya ba ce, amma na tambayi wadda ta sani, ta ce a tsari da yawa ana iya yin hakan daga nesa muddin wayar na kunne tana samun layi, kuma uwarki, Allah Ya saka mata, tana sa caji. Ki tambaye ta ƙarara ko dokar gwaji goman za ta tafi tare da shi, kada ki ɗauka kawai. Ba ke ce ta farko da uwa ta ƙwace wa waya a garin nan ba. Mai yiwuwa ma ranar ki ga haƙoran Madam Sulochana.

Ko me ta ce miki, kada ki kwana ba ki gaya wa Ammi zancen gwaji goman ba. Kin bar ta tana tafiya a bakin rami ido rufe, kina kallo kina dariya, don faɗawarta za ta amfane ki. Idan muryar ta tafi a ƙarƙashin ɗan yatsanta, ke za ki yafe wa kanki wata rana. Ita ba za ta yafe wa kanta ba.

Yanzu ki koma ki karanta wasiƙarki a hankali, domin kin rubuta amsar da hannunki, farin ciki ne ya hana ki gani. Mace tana shiga ɗaki da waya bayan la'asar, ta tura ƙofa, minti goma, a watan da ba gajimare. Mai bincike ba ta buƙatar tura ƙofa a gidanku, Khala a gabanku take yin nata. Wata huɗu tana cewa a ara mata, ana amsa mata da waƙar dokar kamfani. Da ta samu wayar, lambobin da kika ji tana gwadawa duk na mutum ɗaya ne. Macen da ke neman asirin 'yarta ranar haihuwar 'yar take fara gwadawa. Ban ce uwarki ba ta da son sani ba, uwa ce, kuma ta ga murmushin nan. Amma ina kyautata zaton ba Tauqeer take nema a cikin wayar ba. Sakatar da kika samu ta rufe ki a ciki da masoyinki, ta rufe ta a waje, nata yana ciki. Ita kuma irin matan nan ce da za su gwammace a kira su masu leƙen asiri da su ce wa 'yarsu suna kewar miji.

Wannan bai ba ta ikon karanta saƙonninki ba. Shekararki ashirin da bakwai, kina da hakkin ƙofa. Sai dai ki daina aron bakin kamfani. Ranar da aka cire manhajar, dokar kamfani ta ƙare, abin da zai rage miki shi ne ki ce, "Ammi, wannan nawa ne," da muryarki, ba da tata da kika iya kwaikwayo ba. Ya fi wuya, amma shi ba ya ƙarewa ranar da mutum ya bar aiki. Nan gaba, imel ɗin ofis ya zauna a wayar da ofis ya saya, ko a keɓaɓɓen sashen aiki a cikin wayarki idan suna da irin wannan tsarin. Ki tambaya a rubuce me suke gani, me za su iya gogewa. Ki kuma sauya lambar. Duk wanda ya san mai shayin nan zai iya lissafo ta.

Batun Lahadi, ban hana gwaggo zuwa da alewarta ba. Rabin auren unguwarku haka aka ƙulla shi, iyayen kuma ba wawaye ba ne, sun dai fi son a bar musu hanyar yin kamar ba su sani ba. Amma kada ki bari uwarki ta zama ita kaɗai ce a falon da ba ta san wasan ba. Kalma kaɗan ta isa: akwai wani, mutanensa za su zo Lahadi, ina so ki duba mini shi da idonki. Kin mayar mata da alƙalancin da take tsoron an ƙwace. Ba zan yi miki alkawarin ba za ta yi tsaki ba. Saƙon da kika kwaikwaye ta kuwa, wannan kaɗai na yarda ki goge, da hannunki, ki kuma sa Tauqeer ya goge nasa kafin ya saurara karo na ashirin da ɗaya.

Amma ki bi tsari, kada ki haɗa maganganun biyu a zama ɗaya. Abbu ne farko. Ki ce mata, "Ammi, saura biyu muryar Abbu ta goge. Kawo in buɗe miki." Za ki ga yadda makulli ke fita daga bakin mayafi da sauri. Da zarar hanya ta buɗe, ki kwafe saƙonnin wuri uku, ɗaya a ɗan katin da zai shiga ƙaramar wayarta, yadda ba za ta sake roƙon kowa duba ruwa ba.

Allah Ya sanya alheri a Lahadi, Ya sa ki iya riƙe dariya idan biskit ya nutse a gaban gwaggo. Ranar da kika buɗe wayar kuwa, ki nemo mata na gardamar gishirin nan, ki danna, ki sa a tafin hannunta. Kada ki tsaya kallon fuskarta. Ki kama hannun Khala ku sauka ƙasa, ki ja musu ƙofa.

Nuzhat Apa